Dokokin Hana Halasta Kuɗin Haram da Bankunan Kasuwanci a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya yi hulɗa da banki a Najeriya cikin shekarun nan ya ga yadda tambayoyi suka ƙaru, takardu suka yawaita, kuma asusun da aka daɗe ana amfani da shi lami lafiya yakan wayi gari a toshe. Mafi yawan wannan ya samo asali ne daga dokokin hana halasta kuɗin haram da hana ɗaukar nauyin ta'addanci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan kasuwa da ma'aikata da sauran masu ajiya suka fi yi game da waɗannan dokoki da yadda suke shafar bankuna.

Me ake nufi da halasta kuɗin haram, kuma me ya sa aka ɗora wa bankuna nauyin hana shi?

Wanda ya samu kuɗi ta hanyar laifi, ko cin hanci ne, ko damfara, ko safarar miyagun ƙwayoyi, ko satar ɗanyen mai, ko garkuwa da mutane, yana da matsala guda ɗaya bayan kuɗin sun shigo hannunsa: ba zai iya cin moriyarsu a fili ba sai ya samar musu wani asali na ƙarya. Wannan aiki na ɓoye asalin kuɗi shi ne halasta kuɗin haram. Masana sukan kasa shi mataki uku. Da farko a shigar da tsabar kuɗin cikin tsarin banki, sannan a yi ta jujjuya su daga asusu zuwa asusu da daga kamfani zuwa kamfani har sawunsu ya ɓace, daga ƙarshe kuma a fito da su a matsayin ribar kasuwanci ko kuɗin sayar da gida ko rancen da aka biya.

An ɗora wa bankuna nauyin ne domin kusan duk kuɗin da suka kai wani adadi sai sun ratsa ta hannunsu ko ba daɗe ko ba jima. Ɗan sanda ba ya ganin kuɗin da ke shiga asusu, amma ma'aikacin banki yana gani, saboda haka doka ta mayar da banki wani ɓangare na masu tsaro, ko yana so ko ba ya so.

Shin Najeriya ce ta ƙirƙiro waɗannan dokoki, ko daga waje aka ƙaƙaba mata su?

Gaskiyar magana ita ce matsin lamba daga waje ya taka babbar rawa, amma buƙatar ta cikin gida ce. A shekarar 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa wata hukumar yaƙi da halasta kuɗin haram a birnin Paris mai suna FATF, wadda ta fitar da shawarwari 40 a shekarar 1990, kuma waɗannan shawarwari ne, bayan gyare-gyare, suka zama ma'aunin da ake auna kowace ƙasa da shi. A Afirka ta Yamma akwai hukumar GIABA ta ƙungiyar ECOWAS, mai hedikwata a Dakar, wadda ke zuwa ta duba yadda ƙasashen yankin ke aiwatar da su.

Dokar farko da Najeriya ta yi a kan wannan batu, a shekarar 1995, ta fi mayar da hankali ga kuɗin miyagun ƙwayoyi. A shekarar 2001 FATF ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai, a lokacin da labarin kuɗaɗen da aka fitar zamanin mulkin Janar Sani Abacha ya cika duniya, kuma wasiƙun 'yan damfara suka ɓata wa ƙasar suna. Wannan ne ya hanzarta kafa hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a shekarar 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, aka kuma cire Najeriya daga jerin a shekarar 2006. An sake dokar a 2004 da 2011, sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ake aiki da ita yanzu, tare da dokar yaƙi da ta'addanci da dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Wanda ya ce dokokin baƙi ne bai yi ƙarya ba, sai dai kuɗin da ake sacewa na asibitocinmu ne da makarantunmu, kuma mu ne muka fi kowa asara idan ba a bi sawunsu ba.

Waɗanne hukumomi ne banki ke amsa wa a kan wannan batu?

Babban Bankin Najeriya, wato CBN, shi ne ke tsara ƙa'idojin aiki, ya aika masu bincike, ya kuma ci tara. Hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, wato NFIU, ita ce ke karɓar rahotannin bankuna ta tantance su. Da can tana ƙarƙashin EFCC ne, amma bayan da ƙungiyar Egmont ta irin waɗannan hukumomi ta dakatar da Najeriya a shekarar 2017 saboda rashin 'yancin hukumar, sai aka yi mata dokarta a 2018 ta tsaya da ƙafarta. EFCC da ICPC da NDLEA su ne ke bincike da gurfanarwa a kotu. Akwai kuma sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, wanda ke rajistar sana'o'in da ba na banki ba amma kuɗi masu yawa ke bi ta cikinsu, irin su dillalan gidaje da filaye, masu sayar da motoci, masu cinikin zinariya da otal-otal, kuma banki yakan nemi takardar wannan rajista kafin ya buɗe wa irin waɗannan kamfanoni asusu.

A taƙaice, me doka ta wajabta wa banki?

Abu na farko shi ne ya san wanda yake hulɗa da shi: sunansa na gaskiya, inda yake zaune, sana'arsa, da irin kuɗin da ake sa ran za su riƙa shiga asusunsa. Idan kamfani ne, dole banki ya gano mutanen da suke da shi a zahiri, ba waɗanda aka rubuta sunayensu a takarda kawai ba. An haramta buɗe asusu da sunan bogi ko da lamba kawai, an kuma haramta hulɗa da bankin da ba shi da mazauni a ko'ina sai a takarda.

Abu na biyu shi ne kai rahoto. Duk cinikin da ya haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko naira miliyan 10 ga kamfani, sai banki ya sanar da NFIU cikin kwana bakwai. Kuɗin da za a tura waje ko aka turo daga waje da suka haura dala 10,000 sai an sanar cikin kwana ɗaya. Cinikin da ake zargi kuwa, komai ƙanƙantarsa, sai an kai rahotonsa cikin sa'o'i 24. Abu na uku shi ne adana bayanan kowane ciniki na aƙalla shekara biyar. Dokar ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma fiye da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Hukuncin wanda aka samu da laifin halasta kuɗin haram ɗaurin shekara 4 zuwa 14 ne, ko tarar da ba ta gaza ninki biyar na kuɗin ba, ko duka biyun.

Naira miliyan biyar ai ba wani kuɗi ba ne a kasuwa yau. Shin duk wanda ya kai wannan adadi abin zargi ne?

A'a, kuma yana da kyau a bambance tsakanin rahoton adadi da rahoton zargi. Rahoton adadi na'ura ce ke tura shi ba tare da wani ya tuhumi mai asusun da komai ba, kuma miliyoyin irinsa ne ke zuwa NFIU ba tare da an sake waiwayar yawancinsu ba.

Amma a nan ne ake ganin wani babban rauni na tsarin. Wannan adadi na miliyan 5 da miliyan 10 tun dokar 2011 yake, lokacin da dala ɗaya ba ta wuce naira 160 ba, wato miliyan 5 ta haura dala 30,000. Dokar 2022 ta bar adadin yadda yake, sannan darajar naira ta faɗi ƙwarai daga shekarar 2023, har ta kai miliyan 5 ba ta cika dala 4,000 ba. Abin da aka tsara domin kama manyan kuɗi ya koma yana kama cinikin yau da kullum. Wanda ya loda mota guda ta masara ko riɗi a kasuwar Dawanau, ko wanda ya sayi 'yan shanu a Potiskum ko Maigatari zai kai Legas, ko ɗan kasuwar da ya sari atamfa a Kantin Kwari, duk sun haura wannan adadi a ciniki ɗaya, kuma da yawansu da tsabar kuɗi suke cinikin domin makiyayin da ya kawo shanun ba shi da asusu. Bisa harafin doka, irin wannan ciniki na tsabar kuɗi a wajen banki laifi ne, alhali kowa ya san cewa a haka kasuwannin ke tafiya.

Illar wannan ga bankuna iri biyu ce. Ta farko, ma'aikatansu suna ɓata lokaci a kan rahotannin da ba su da wani amfani ga mai bincike, kuma rahoto mai muhimmanci yana iya nutsewa a cikin tarin marasa muhimmanci. Ta biyu, dokar da kowa ke karyawa a kullum ba tare da an ce masa komai ba takan rasa kwarjini, ta kuma zama makami a hannun duk jami'in da ya ga dama ya ɗauko ta a kan wanda ya so. A ganina ya kamata majalisa ta ba hukumomi ikon sabunta wannan adadi lokaci zuwa lokaci gwargwadon darajar kuɗi.

Idan mutum ya raba kuɗinsa kashi-kashi domin kada su kai adadin, akwai matsala?

Akwai babbar matsala. Dokar 2022 ta bayyana ƙarara cewa rarraba ciniki da nufin kauce wa rahoto laifi ne mai zaman kansa, kuma na'urorin bankuna an saita su ne su gano irin wannan. Mutumin da ya zuba miliyan 4 da dubu 900 sau uku a mako guda ya fi jawo wa kansa ido a kan wanda ya zuba miliyan 15 lokaci ɗaya ya kuma nuna rasitin kayan da ya sayar.

Me ya sa banki ba ya gaya wa mutum dalilin da ya sa aka riƙe kuɗinsa?

Domin doka ta hana shi. Idan banki ya kai rahoton zargi a kan wani asusu, sanar da mai asusun laifi ne da zai iya kai ma'aikaci kurkuku, tunda hakan zai ba mai laifi damar kwashe kuɗin. Sau da yawa ma wanda ke kan kanta a reshe bai san dalilin ba, domin daga hedikwata umarnin yake fitowa. Abubuwan da ke jawo zargi sanannu ne: kuɗin da ba su dace da sana'ar mutum ba, asusun da ya daɗe a kwance sai kwatsam manyan kuɗi suka fara shiga suna fita nan take, ko ɗalibin da ake turo wa kuɗi daga mutane masu yawa da ba su da alaƙa da juna. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a tsakanin matasa, inda wani zai ce a ara masa asusu za a turo masa kuɗi, ya ba mai asusun ɗan wani abu. Idan kuɗin na damfara ne ko na fansa, sunan mai asusun ne da lambarsa ta BVN za su bayyana, kuma shi za a fara kamawa.

Me ya sa ake ta neman BVN da NIN da takardar biyan kuɗin wuta, kuma wa hakan ya fi shafa?

An ƙaddamar da BVN a watan Fabrairun 2014 domin a haɗa duk asusun mutum da zanen yatsunsa a ƙarƙashin lamba ɗaya, kuma ba shakka ta yi amfani, domin ta toshe hanyar buɗe asusu da sunaye daban-daban, ta kuma taimaka wajen gano ma'aikatan bogi a jerin albashin gwamnati. A watan Disambar 2023 CBN ya ba da umarnin cewa ƙaramin asusu sai yana da BVN ko NIN, manyan kuma sai da duka biyun, kuma wanda bai cika ba a hana fitar da kuɗi daga cikinsa.

Nauyin wannan ya fi faɗawa kan wanda ba shi da ƙarfi. Takardar wuta hujja ce mai sauƙi ga mazaunin Abuja, amma manomin da ke ƙauyen da wutar ba ta taɓa zuwa ba, ko matar da ke gidan da ba shi da lamba, ko wanda rikici ya raba da garinsu yake zaune a sansani, ba su da ita. Ga kuma matsalar sunaye, inda za a rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko a sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, ko ranar haihuwa ta saɓa domin tun asali ƙiyasta ta aka yi, sai mutum ya yi ta zarya tsakanin banki da ofishin NIMC mai ba da lambar NIN da kotu wajen yin takardar rantsuwa. Binciken ƙungiyar EFInA, mai nazarin yadda jama'a ke samun hidimomin kuɗi, na shekarar 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kusa rabi. Ba dokokin nan kaɗai suka jawo haka ba, talauci da nisan reshe da ƙarancin karatun boko duk suna ciki, amma suna ƙara tsawon katangar.

Ya kamata a sani cewa tun shekarar 2013 CBN ya kasa asusu mataki uku, inda mataki na farko ba ya buƙatar takardu masu yawa amma an ƙayyade abin da za a iya ajiyewa a ciki. Ita kanta FATF ta yarda a sassauta inda haɗari ya yi ƙaranci. Matsalar ita ce banki bai taɓa biyan tara domin ya tsananta wa talaka ba, amma yana biya idan ya sassauta, don haka ma'aikaci yakan zaɓi tsanantawa ko da inda ƙa'ida ba ta nema ba.

Ta yaya dokokin suka canza aikin banki daga ciki?

Sun mayar da sashen bin ƙa'ida ɗaya daga cikin manyan sassa. CBN ya wajabta wa kowane bankin kasuwanci ya naɗa babban jami'in bin ƙa'ida mai babban muƙami, da kuma wani darakta mai zartarwa da zai ɗauki alhakin wannan fanni, kuma tara tana iya hawa kan jami'in shi kansa ba kan banki kaɗai ba. Banki yana sayen manhajojin da ke tace kowane ciniki, suna gwada sunaye da jerin waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya da kwamitin takunkumi na Najeriya suka sanya wa takunkumi, kuma da yawan waɗannan manhajoji da dala ake biyansu. Ga horar da ma'aikata a kai a kai, ga tura mutane su tabbatar da adireshi, ga masu binciken waje. Manyan bankuna suna iya ɗaukar wannan nauyi, amma ƙanana yana cin wani kaso mai tsoka na ribarsu, kuma a ƙarshe wani ɓangare na kuɗin yana dawowa kan mai ajiya ta hanyar caji iri-iri.

Mene ne haɗin wannan da wahalar tura kuɗi waje?

Bankin kasuwanci a Najeriya ba zai iya biyan dala ga wani kamfani a Chana ko Indiya da kansa ba, sai ta hannun wani babban banki, yawanci a New York ko Landan, wanda yake riƙe masa asusun dala. Waɗannan bankuna sun sha tara mai nauyi a ƙasashensu: HSBC ya biya kimanin dala biliyan 1.9 a Amurka a shekarar 2012, BNP Paribas kuma ya biya kusan dala biliyan 9 a 2014 saboda karya takunkumin da aka sa wa Sudan da Iran da Kuba. Tun daga lokacin suka fara janye jiki daga ƙasashen da suke ganin ribarsu ba ta kai haɗarinsu ba. A shekarar 2013 Barclays ya yanke shawarar rufe asusun kamfanonin tura kuɗi da dama, ciki har da Dahabshiil wanda Somaliyawa masu yawa suka dogara da shi wajen aika wa iyalansu kuɗi, lamarin da ya kai ga kotu.

Saboda haka bankin Najeriya yana tsoron rasa wannan alaƙa fiye da yadda yake tsoron tarar CBN, domin idan ya rasa ta ba zai iya buɗe wa mai shigo da kaya takardar lamuni ba. Rassan bankunanmu da ke waje ma ba su tsira ba, domin a watan Janairun 2023 hukumar FCA ta Birtaniya ta ci reshen GTBank na Landan tarar sama da fam miliyan 7 saboda rauni a tsarinsa na tantance abokan hulɗa.

Me ya faru da aka sanya Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a 2023?

A watan Fabrairun 2023 FATF ta sanya Najeriya da Afirka ta Kudu a wannan jeri, bayan binciken GIABA ya nuna cewa dokoki suna nan a rubuce amma aiwatarwa ta yi rauni, musamman wajen gurfanar da masu laifi, sanin masu kamfanoni na haƙiƙa, da sa ido kan sana'o'in da ba na banki ba. Shiga jerin ba takunkumi ba ne, amma yana sa kowane banki na waje ya ƙara bincike a kan duk kuɗin da suka shafi ƙasar, wanda ke nufin jinkiri da ƙarin kuɗi. Wani nazari da ma'aikatan Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa shiga jerin yakan rage kuɗin da ke shigowa ƙasa da kimanin kashi 7.6 cikin ɗari na ma'aunin tattalin arzikinta. Daga cikin matakan da aka ɗauka, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistar masu iko da kamfanoni a 2023, CBN kuma ya fitar da sababbin ƙa'idojin tantance abokan hulɗa, waɗanda suka jawo ce-ce-ku-ce saboda sun haɗa da neman adireshin mutum na kafofin sada zumunta. An cire Najeriya daga jerin a watan Oktoban 2025, tare da Afirka ta Kudu da Burkina Faso da Mozambik. Cirewar ba ta nufin sassauta wa bankuna, domin za a sake zuwa bincike.

Idan dokokin suna da ƙarfi haka, me ya sa manyan ɓarayin gwamnati ke wucewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a yi. A ƙa'ida, masu riƙe da muƙaman siyasa da iyalansu da makusantansu su ne ya kamata a fi tsananta wa bincike: sai babban jami'in banki ya amince kafin a buɗe musu asusu, sai an san tushen dukiyarsu, sai an riƙa bibiyar cinikinsu. A aikace kuwa su ne abokan hulɗar da kowane banki ke zawarci, domin ajiyar gwamnatin jiha ko ta ma'aikata guda ta fi ajiyar dubban ƙananan 'yan kasuwa, kuma manajan da aka ɗora wa adadin kuɗin da zai kawo a wata ba ya son ya ɓata wa wanda zai cika masa adadin rai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu yadda za a fitar da biliyoyin naira daga asusun gwamnati a raba su ga kamfanonin bogi ko a kai wa 'yan canji ba tare da wani a cikin banki ya gani ba.

Wannan ba halin bankunan Najeriya kaɗai ba ne. Binciken hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya a shekarar 2001 ya gano cewa kimanin dala biliyan 1.3 masu alaƙa da iyalan Abacha sun bi ta bankunan Landan. Tsohon gwamnan Delta, James Ibori, a Landan aka yanke masa ɗaurin shekara 13 a 2012, bayan wata kotu a Najeriya ta yi watsi da tuhumar da aka yi masa. NFIU ta yi ƙoƙarin toshe wata kafa a 2019 lokacin da ta ƙayyade cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu, sannan a 2023 ta hana cire tsabar kuɗi daga asusun gwamnati baki ɗaya. Matuƙar ana cin banki tarar da bai ji a jikinsa ba, kuma ba a ga babban jami'in banki ya amsa laifi da kansa ba, binciken zai ci gaba da tsananta a teburin karɓar kuɗi yana sassauci a ofishin manaja.

Yaya batun 'yan canji da bankunan waya da kuɗin kirifto?

Banki yana ɗaukar su a matsayin abokan hulɗa masu haɗari, domin a bayan asusunsu guda akwai dubban mutanen da bankin bai sani ba. A watan Maris na 2024 CBN ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, kuma daga cikin dalilan da ya bayar har da rashin bin ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram, abin da ya taɓa kasuwanni irin su Wapa a Kano. A watan Afrilun shekarar ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga karɓar sababbin abokan hulɗa har zuwa watan Yuni, sai da suka ƙara tsaurara tantancewa. Kuɗin kirifto kuwa, an hana bankuna hulɗa da masu cinikinsu a watan Fabrairun 2021, aka janye hanin a Disambar 2023 bisa sharuɗɗa, bayan an ga cewa hanin bai tsayar da cinikin ba, ya dai mayar da shi inda hukuma ba ta gani.

Shin dokokin suna taimakawa wajen toshe kuɗin ta'addanci da na fansa?

Suna taimakawa inda kuɗin suka taɓa banki. Wasu 'yan Najeriya shida da kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure saboda tura wa Boko Haram kuɗi, waɗanda Amurka ta sanya wa takunkumi a 2022, ta hanyar bin sawun kuɗi aka gano su. Sai dai kuɗin fansa a Zamfara ko Katsina ko Kaduna yawanci tsabarsu ake kaiwa daji, wani lokaci ma babura da kayan abinci ake nema, kuma daga nan sukan koma shanu ko zinariya ko makamai su tsallaka iyaka. Abin da banki zai iya gani shi ne asusun masu kai musu kaya da na wasu masu POS da ake amfani da su, kuma a nan ma sai jami'an tsaro sun yi aiki da rahoton kafin ya yi amfani.

Bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma dokar ta hau kansu?

Ta hau kansu daidai da kowane banki, ba ragi ba ƙari.

Ana iya amfani da waɗannan dokoki a zalunci mutum?

Ana iya yi, kuma an ga misali. A watan Nuwamban 2020 CBN ya samu umarnin kotu na toshe asusu 20 na mutanen da ke da alaƙa da zanga-zangar EndSARS bisa zargin ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma sai a watan Fabrairun 2021 aka buɗe su ba tare da an gurfanar da su a kan wannan zargi ba. A ƙaramin mataki kuma, akwai masu amfani da jami'an tsaro su sa a toshe asusun wanda suke rigimar bashi da shi, alhali wannan magana ce ta kotun farar hula. Dokar 2022 ta ba NFIU da EFCC ikon tsayar da ciniki na tsawon sa'o'i 72 ne kawai, bayan haka sai da umarnin kotu, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa yanke hukuncin cewa wajibi ne banki ya tabbatar da akwai umarnin kotu kafin ya toshe asusu bisa buƙatar EFCC.

Me ya kamata mutum ya yi idan an hana shi fitar da kuɗi daga asusunsa?

Ya fara zuwa reshensa ya tambaya ko matsalar ta takardu ce, domin mafi yawan lokuta ba ta wuce katin shaida da ya ƙare, ko saɓanin suna tsakanin BVN da NIN, ko adireshin da ba a tabbatar ba, kuma gyara wannan yana buɗe asusun. Idan an nemi bayanin wani kuɗi da ya shigo, ya kawo rasiti ko yarjejeniyar ciniki ko takardar gado ko duk abin da ke nuna asalinsa, kuma saboda irin wannan rana ne ya kamata ɗan kasuwa ya raba asusun kasuwancinsa da na gida, ya kuma riƙa rubuta cinikinsa ko da a littafi ne. Idan an ce wata hukuma ce ta ba da umarni, yana da haƙƙin ya rubuta wa bankin takarda ya nemi a gaya masa ko akwai umarnin kotu da kuma kotun da ta bayar, ya riƙe kwafin takardar da hatimin karɓa a kai. Idan bankin bai warware ƙorafin ba cikin makonni biyu, zai iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, tare da lambar ƙorafin da bankin ya ba shi. Inda kuɗin suke da yawa ko toshewar ta daɗe, lauya zai iya neman kotun da ta ba da umarnin ta janye shi, ko kuma ya shigar da ƙarar neman diyya idan ya tabbata cewa babu umarnin tun farko.